Mai Sauraron Gwangwani

Yayata ta shekara talatin da huɗu tana dukan gwangwani ana biyan ta. Mutane kuwa kyauta take dukan su. A masana'antar da muka yi aiki ni da ita babu mai kiran ta da sunanta, kowa Kunne yake ce mata, har Manaja. Ni ƙanwarta ce, shekara shida ta ba ni, kuma a kaina ta fara koyon hannu.

Babanmu mai zafin hannu ne. In ya ciro bel, Yaya ce take shiga tsakanina da shi ta karɓi rabona a bayanta ba ta ko tari. In ya gaji ya fita sai ta juyo ta dake ni, wai don me na ja mata. Haka na tashi ban san ko in gode mata ko in gudu daga gare ta ba, kuma har na yi furfura ban warware wannan ba. Abu ɗaya ne na shaide ta da shi: ba ta taɓa marin kowa a kunne ba. Ƙwauri, gwiwa, bayan hannu, nan ne wuraren aikinta. Takan ce kunne abin neman abinci ne, ba a wasa da shi.

Masana'antar wake da kifi da tumatir take dafawa ta rufe a gwangwani. Aikin a baki ba shi da wuya. A cika gwangwani da zafinsa, a bi da shi ta cikin tururi ya kori iskar da ke samansa, sai injin kalmasa ya ɗora murfi ya nannaɗe bakin murfin da bakin gwangwanin ninki biyu. Daga nan a jera su a kwandon ƙarfe a tura cikin tukunya. Abin da muke kira tukunya wata ƙatuwar ganga ce a kwance, mutum yana iya shiga cikinta a tsaye, ƙofarta da kusoshi goma sha biyu. A nan ake dafa su da tururi mai matsi, sannan a sakar musu ruwan sanyi. Gwangwani yana hucewa sai cikinsa ya tsotso murfin ya ɗan lotsa, wannan lotsawar ita ce shaidar cewa ya rufu. In kuwa kalmasar ta yi sako-sako ko da kaurin gashi ne, sai ya zuƙi ruwan sanyin da duk ƙazantar da ke ciki. A ido ka gan shi lafiya lau, cikinsa kuwa yana ruɓewa.

Nan aikin Yaya yake shigowa. Akan ajiye gwangwanayen mako biyu a wani ɗaki mai ɗumi, sannan a turo mata su ɗakinta da ke can ƙarshen gini, nesa da ƙarar injuna. Ɗakin da taga ɗaya mai kallon filin lodi, teburinta kuma yana fuskantar bango, don ta ce kallon waje yana raba mata hankali. Sandarta ta ƙarfe ce, tsawon kamu biyu, da ɗan dunƙule a kai. Takan bi layi tana ƙwanƙwasa murfi ɗaya bayan ɗaya da saurin da ido ba ya iya bi. Lafiyayyen gwangwani ƙyal yake cewa, mai ciwo kuwa ɓum. Ni na sha tsayawa ina kasa kunne, duk ɗaya nake jin su. Ita kuwa tana cikin tafiya sai ka ga ta tsaya, ta dawo baya uku, ta zaro ɗaya ta jefa a kwandon shara ba ta ko dube shi ba. Duk wanda ya wuce hannunta wurina yake zuwa, ni ce mai manna takarda. Takardar nan da hoton wake mai sheƙi ita ce take ce wa matar da ba ta san mu ba ta buɗe ta ba 'ya'yanta.

Mai kula da tukwanen wani dattijo ne da muke kira Baba Tukunya. Rabin fuskarsa tabon tururi ne, kuma ba ya gajiya da ba da tarihin sana'ar in mun zauna hutun rana a kan kwalaye. Ya ce gwangwani ɗan yaƙi ne, ba don marmari aka ƙirƙiro shi ba. Sojoji ne yunwa da ruɓaɓɓen nama suke kashewa fiye da harsashi, sai aka nemi dabara. Da kwalba aka fara, a toshe bakinta a tafasa, kwalba kuma ba ta jure tafiya, sai aka koma ƙarfe. Maƙeri ne yake yanka kowane ɗaya da hannu ya liƙe shi da darma, kaurinsa kuwa sai an sa guduma da kurfi, ko soja ya soke shi da wuƙar bindiga, don an yi shekaru da yawa ana rufe abinci kafin wani ya tuna da yin mabuɗi. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne waɗanda suka fara aikin ba su san dalilin da ya sa abincin ba ya lalacewa ba. Iska suke zargi. Sai daga baya aka gano wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani, zafi yake kashe su, murfi ya hana wasu shiga. In ya kai nan sai ya nuna Yaya da haɓa ya ce duk wannan ilimin na masu farar riga a ƙarshe kan kunnen mace ɗaya mai masifa ya rataya. Ita kuwa takan harare shi ta ci gaba da taunar abincinta.

Gaskiya ya faɗa bai sani ba, don kunnen nata ma ɗaya ne ya rage. Mijin Yaya mataimakinsa ne a tukunya ta biyu. Wata rana da hantsi aka matsa musu su yi sauri, suka ɗaure kusoshi takwas maimakon goma sha biyu. Yaya ta kawo wa mijin ruwan sha ke nan ta juya, ƙofar ta tashi. Ƙofar da sai mutum huɗu suke ɗaga ta ta ratsa bangon bulo ta faɗa waje, ta tafi da mijin da wani mai shara. Gwangwanaye suka yi ta fitowa da zafinsu suna fashewa a bango da rufi da jikin mutane. An tsinci Yaya a ƙarƙashin wani kwando, jini na fita ta kunnenta na hagu, wake a gashinta. Mijin kuwa da shebur aka tattara abin da aka samu nasa. Tun ranar kunnen hagun ya mutu, kuma ni kaɗai ta gaya wa. Bayan kwana arba'in ta koma aiki, sai dai ta sauya tsayuwa, tana karkato gefen dama wajen layi. Mutane suka ɗauka sabon salo ne.

Ɗa ɗaya ya bar mata, shi ya sa ake ce masa Tilo. Ta so shi, wannan ba na ja, na ga ta kwana uku a zaune da shi a cinya lokacin da ya yi ƙyanda. Amma son nata da sanda yake fita. Ya fasa kofi a dake shi, ya yi shiru a dake shi, ya yi kuka a ƙara masa na kukan. Na sha ce mata yaro ba gwangwani ba ne da sai an buga ake sanin lafiyarsa, ta ce in haifi nawa in gwada. Allah bai ba ni ba, ta kuma san inda take soka.

Da ya girma ita ta roƙa masa aiki, ya fara da shafa wa injuna mai, har ya kai ga riƙe injin kalmasa. Hannunsa yana da kyau in ya nutsu, amma yana da gaggawa. Ƙa'ida ita ce duk bayan awa biyu mai inji ya ɗauki gwangwani ɗaya ya yanka kalmasar da zarto, ya auna ya ga ko ninkin ya kama juna. Tilo yakan tsallake, musamman in inji na tafiya daidai a kunnensa. Bai taɓa shiga uku a kan haka ba, saboda duk abin da ya zubar uwarsa tana tsincewa a ƙarshen gini. In kwandonta ya cika fiye da kima ba ta kai ƙara ofis. Takan taho da sandarta har bakin injin ta sauke masa a bayan hannu, ta nuna masa zarto, ta juya.

Ranar da abin ya ɓaci yana da shekara talatin da ɗaya, da mata da 'ya'ya biyu, da mutum uku a ƙarƙashinsa. Ta zo ta yi masa yadda ta saba, sai dai wannan karon sau uku ta sauke, har fatar ta fashe, kuma matarsa tana tsaye a layin wanke kifi tana kallo. Wani daga cikin yaran aikinsa ya yi dariya. Tilo ya naɗe hannun da tsumma ya ci gaba da aiki.

Da yamma bayan an tashi ya same mu a gida. Ɗakina yana jikin nata, ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Ya shiga bai zauna ba.

“Umma, na girma. Kada ki sake taɓa ni a gaban mutane.”

Ta tambaye shi yau sau nawa ya yanka gwangwani. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ta miƙa hannu wajen sandar, don da ita take dawowa gida kullum. Ban ga tashin hannunsa ba, ƙarar kawai na ji, hannun mutumin da yake wuni yana ɗaure kusoshi. A kunnen dama ya same ta. Ta bugi bango ta zame ta zauna, ta dafe wurin, jini ya biyo tsakanin yatsunta. Shi kuwa ya tsaya yana kallon tafinsa. Na kwashe shi da faifan shinkafar a fuska, na bi shi da kujera har titi, ban san abin da nake faɗa ba.

Da na dawo na tarar tana ƙwanƙwasa ƙafar gado da sandar, ta kara kunnen. Ta buga, ta sake bugawa da ƙarfi. Sai ta ɗago ta dube ni, karo na farko a rayuwata da na ga tsoro a fuskarta. Na ce mu tafi asibiti, ta kafe bakina da ido har ta gane, ta girgiza kai. Ta ce likita zai tambayi wanda ya yi, masana'anta kuma za ta ji, a kore ta a kori yaron, in ma an bar shi da rai. Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda take nufi. Ta ce dodon kunne yana ɗinkewa da kansa, mako biyu ne ya dawo. Ta ce in yi mata alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, ni kuma na yi, kuma wannan ita ce wautar da ta fi kowace girma a rayuwata.

Bai dawo ba. Mako biyu ya zama wata uku. Babu wanda ya lura, don a masana'anta da hannu ake magana saboda ƙara, ita kuma da ma ba mai amsa gaisuwa ba ce. Ta ci gaba da bin layi tana bugawa da saurinta na da. Tana duba murfi da ido, tana dannawa da babban yatsa, wanda ya kumbura a fili ta cire shi. Sauran kuwa sai ta zaro na zarowa ta jefa a kwando don kada a ga ya ragu. Lafiyayyu take zubarwa, masu ciwo suna wucewa zuwa teburina, ni kuma ina yi musu ado da takarda. Na daina cin abincin rana. Tilo ya daina haɗa ido da mu, kuma da ya ga sandar ba ta ƙara zuwa bakin injinsa ba, sai ya ɗauka aikinsa ne ya gyaru. Zarton nan ya yi tsatsa a rataye.

Kwalaye suka fara dawowa daga kantuna, suna yoyo suna wari. Mai Sito, wani bawan Allah mai 'ya'ya shida, ya sunkuya yana buɗe ɗaya daga cikinsu, gwangwanin kifi da ya kumbura ya fashe masa a fuska. Gefen murfin ya yanke masa ido ɗaya gida biyu. Ina jin ihunsa daga teburina, na fito na gan shi yana birgima a cikin ruɓaɓɓen kifi, 'yan lodi sun danne shi don kada ya ƙwaƙule wurin. Shugaban 'yan lodin ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Manaja ya rasa wanda zai kama sai Baba Tukunya, ya ce tsufa ya sa yana rage lokacin dahuwa, ya ba shi ƙarshen wata ya tattara nasa ya nasa. Babu wanda ya kawo Kunne a ransa. A shekara talatin da huɗu ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Bayan kwana takwas aka cika babbar mota da wake, za ta tashi da azahar. Wake ya fi kifi haɗari, Baba Tukunya ya sha faɗa mana cewa akwai dafin da yake yi wanda ba ya wari, mutum ya ci ya kwana lafiya, gobe numfashi ya gagare shi. Duk kwalin da ke cikin motar nan ni na manna masa takarda. Da safe na shiga ɗakin Yaya na rufe ƙofa, na zagaya gabanta don ta ga bakina. Na ce mata a hankali ta je ta faɗa da kanta, ta ce ciwo ne, ta ce tsufa ne, ta ce duk abin da ta ga dama, amma motar nan ba za ta fita ba. Ta ce in koma bakin aikina. Na ce idon mutum ya riga ya tafi, saura rai. Ta ce tana jin su a hannunta, sanda tana gaya mata. Na ɗauki gwangwani ɗaya daga kwandon shararta na buɗe a gabanta, waken lafiya lau, na ɗiba na ci.

“In ba ki je ba ni zan je,” na ce.

Na juya na kama marfin ƙofar, sandar ta sauka a wuyan hannuna na hagu. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Na durƙusa, ta tsaya a kaina tana haki, ta ce in na fita ɗakin nan da wannan maganar ba ta da ƙanwa. Ta koma teburinta ta ba ni baya, don ta tabbata na ji, kamar yadda na saba ji tun ina 'yar shekara biyar. Na buɗe ƙofar da hannun dama na fita.

Manaja bai yarda ba. Ya kalli hannuna da ya fara kumbura ya ce faɗan 'yan'uwa ne na kawo masa ofis. Na ce ya zo ya gani. Ya tsaya a bakin ƙofarta ya kira ta sau uku, tana ta bugun gwangwani. Ya ɗauki sifana ya maka wa wani faranti na ƙarfe da ke jingine, ƙarar da ta sa ni kaina na zabura. Ko gezau ba ta yi ba. Ya ja ƙofar a hankali ya rufe, ya ce a sauke motar. Yaya ba ta san an zo ba, ba ta san an tafi ba.

A filin lodi aka zube kwalayen, ma'aikata suka bar injuna suka fito. Baba Tukunya ya karɓi zarto ya yanka kalmasar gwangwani ɗaya, ya ɗaga ta a rana. Ninkin bai kama juna ba, ko ni da ba aikina ba na gani. Ya yanka na biyu, ya yanka na biyar, uku a ciki haka suke. Ya miƙa wa Manaja. Aka kira Tilo. Ya zo yana goge hannu da tsumma, ya dubi guntayen, ya dubi 'yan lodi da suka yi masa zobe, ƙanin Mai Sito a gaba. Da ya ce inji ne ya ci, ko ya ce ya yi sakaci a yafe masa, da korar sa kawai za a yi. Amma tsoro ya kama shi, sai ya ce inji kowa ya san yana kuskure, shi ya sa aka ajiye mai saurare. A je a tambayi Kunne yadda aka yi suka wuce ta.

Maganar da na zo da ita ta ƙare tun a ofis. Motar ta tsaya, Baba Tukunya ya fita daga zargi, babu abin da ya rage da sai na faɗa. Amma hannuna yana yi mini zugi har cikin haƙori, ga yaron nan a tsaye yana miƙa uwarsa. Na kutsa cikin zoben.

“Wane kunnen za a tambaya? Wanda ka kashe da mari? Uwarka ka mara har jini, kai ne za ka buɗe baki ka kira sunanta?”

Na ga maganar tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, na so in kamo ta, ta riga ta tafi. Ƙanin Mai Sito ne ya fara, da katakon da ake ɗora kwalaye a kai, ƙusa a jikinsa. Tilo ya kare da hannu, ya faɗi, ya tashi ya ruga. Ba ƙofar fita ya nufa ba, ƙarshen gini ya nufa. A ƙarƙashin tagar uwarsa suka cim masa. Mutum ya fi goma, wasu da katako, wasu da ƙarfen ɗaure mota, wasu gwangwanin waken suke ɗauka suna jifan kansa da shi. Manaja yana ta ɗaga hannu babu mai kallon sa. Baba Tukunya ya shiga tsakani aka ture shi ya faɗi. Ni ma na shiga da hannu ɗaya, wani ya yi jifa da ni kan kwalaye. Tilo ya kama ƙarfen tagar ya miƙe, yana kiran Umma. Ta cikin gilashin ina hango bayanta, kafaɗarta tana hawa tana sauka, tana bin layi. Suka fizgo shi ƙasa, ya ci gaba da kira daga ƙasan, muryar tana raguwa.

Na zagaya da gudu na shiga na juyo ta ta kafaɗa. Ta ɗaga mini sanda, na nuna mata taga. Ban taɓa ganin mace mai shekara kusan sittin ta yi irin wannan gudun ba. Ta faɗa cikinsu ta fasa kan mutum biyu, ta karya wa na uku haƙarƙari, sauran suka watse. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta. Fuskar ba ta ganuwa. Bakinsa yana motsi, ta kara kunnen dama, ta juya ta kara na hagu, sannan ta ɗago tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya duban ta. Kwana uku ya yi a asibiti bai farfaɗo ba, ya cika.

An kama mutum huɗu. An tona rami a bayan masana'anta an binne waken motar nan gaba ɗaya, an aika kantuna a dawo da abin da ya rage. Ban taɓa jin wanda ya mutu da cin namu ba, ban kuma san ko don babu ba ne ko don labari bai iso ba. Kafin shekara ta zagayo suka sayo na'ura mai auna lotsawar murfi, aka mai da ɗakin Yaya wurin ajiye tsintsiya. Matar Tilo ta kwashe 'ya'yanta ta koma wurin iyayenta, ban ga laifinta ba. Hannuna ya ɗore a karkace, yatsun ba sa miƙewa sosai, amma na yi shekara biyar ina manna takarda da shi kafin na ajiye.

Yaya ta yi shekara tara bayan haka, bango ɗaya tsakaninmu. Ni nake dafa mata, ni nake yi mata wanki. Takan ci abin da na ajiye, ta turo kwanon bakin ƙofa da ƙafa. Ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba, ba ta ce mini ko sannu ba, kuma wallahi na fi son dukan. Na sha zama ina lissafin matan da suka buɗe wa 'ya'yansu wake lafiya saboda ni, don in samu in yi barci. Ban san fuskar ko ɗaya ba, ta Tilo kuwa na san ta tun ranar da aka haife shi.

Ana saura kwana biyu ta rasu na shiga da rana zan juya ta, don ta daina iya juyawa da kanta. Ta riƙe mini riga. Muryarta ta shaƙe saboda rashin amfani, sai da na sunkuya.

“Ya kira ni?”

Na gyaɗa kai.

“Sau nawa?”

Na ɗaga mata yatsa ɗaya. Ta daɗe tana kallon yatsan, sannan ta dubi idona.

“Ƙarya kike,” ta ce.

Ta kama hannun nawa ta shiga buɗe sauran yatsun da kanta, ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta buɗe sai ta tsaya ta dubi fuskata ko zan ce ya isa. Da ta buɗe biyar ban ce komai ba, sai ta miƙa hannu ta kamo ɗaya hannun nawa.